Rabi Ne, Ko Kun Ƙi Ko Kun So

Tun kafin in buɗe baki na san akwai waɗanda suka riga suka ɗaura ɗamarar musu. Na san ku sarai. Ku ne idan aka ce wata ya tsaya sai kun ce a nuna muku da yatsa, idan aka nuna kuma ku ce ai yatsan ne ya karkace. To ku gyara zama, yau da ku nake. Ba maganar siyasa ba ce, ba ta ƙwallo ba ce, ba ta farashin masara ba ce. Maganar alwatika ce.

E, alwatika. Wannan aba mai kusurwa uku da kuka rabu da ita tun firamare, kuka yi hamdala kamar wanda ya rabu da mai binsa bashi.

Ga yadda zancen yake. Ka sami fili mai kusurwa huɗu daidaitattu, wato dogon murabba'i, irin siffar tabarma ko ƙyauren ɗaki, ko ma dai fulotin nan na ƙafa 50 da ƙafa 100 da kowane magidanci ke kwana da shi a rai. Ka tsaya a bakin titi, gefen da ke da ƙafa 50. Ka kafa turke a kusurwar dama, ka kafa wani a kusurwar hagu. Sai ka tura yaro can iyakar baya, ka ce ya tsaya a kan iyakar duk inda ya ga dama. Ka ja igiya daga kowane turke zuwa ƙafarsa. Abin da igiyoyin nan biyu da bakin titi suka kewaye shi ne alwatika, kuma rabin fulotin ne cif. Fulotin murabba'in ƙafa 5,000 ne, alwatikar 2,500. Yaro ya tsaya a tsakiya, 2,500. Ya matsa dama, 2,500. Ya je ya maƙale a kusurwa kamar wanda malam ya ba horo, 2,500 ɗin dai.

Na ce rabi, ba Rabi ba. Kada wani ya je gida ya haɗa ni da uwargida.

Ga Alhaji can ya fara girgiza kai. Tun daga nan nake jin muryarsa: "Haba Malam! In yaron yana tsakiya, wannan na yarda, ko makaho ya shafa ya san an raba daidai. Amma in ya matsa gefe ai abin ya karkace, ya tsuke ta nan, ya buɗe ta can. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Ranka ya daɗe, karin maganar nan gaskiya ce a kan tsibin gero da kwanon fura. A kan fili kuwa ido babban maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta fi ta dillali haɗari, domin shi dillali ka san da zamansa. Da ido ya san ƙimar fili, da safiyo bai ci abinci ba, da alƙalai sun huta da shari'ar kan iyaka.

Da ba don caca haramun ba ce da na ce mu sa kuɗin shayi. Wannan ma ta fi caca muni, tunda ni na riga na san abin da zai fito. Bari dai in nuna maka kyauta.

Yaron yana tsaye a baya. Ja igiya ta uku daga ƙafarsa zuwa bakin titi, a miƙe sak, kada ta karkata ko'ina. Yanzu fulotinka ya rabu gida biyu, kowanne dogon murabba'i ne mai zaman kansa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Dubi igiyar farko ta hagu: ta ratsa yankin hagu ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta dama ma haka ta yi wa yankin dama. Duk murabba'in da aka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa ya rabu biyu daidai. In kana shakka, tambayi Hajiya. Kullum safiya tana ninke kallabi kusurwa da kusurwa, gefe ya hau kan gefe ba ragi ba ƙari, ba ta taɓa zuwa an ba ta takardar shaida a kai ba.

Na ji wata ta ce, "Ai kallabi tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, shi ya sa." Madalla, Hajiya, kin fi mazan nan lura. Gaskiya ne, in ƙyallen dogo ne, ninki ba zai sa gefen ya hau kan gefe ba, kunnuwa za su leƙo. Sai dai ki sa almakashi ki yanka daga kusurwa zuwa kusurwa, ki juya ɗaya kansa ya koma ƙasa, ki ɗora a kan ɗan'uwansa. Za su haɗu kamar Hassan da Husaini. Duk telan da ya taɓa fitar da ƙyalle biyu masu tsini daga yanki ɗaya don kada yadi ya yi asara ya san wannan, ko da bai taɓa jin kalmar alwatika ba.

To, alwatikarmu ta ɗauki rabin yankin hagu, ta ɗauki rabin yankin dama. Rabin wannan da rabin wancan, in aka haɗa, rabin duka ne. Shi ke nan. Hujjar ta ƙare. Na san kun so ta fi haka tsawo don ku sami inda za ku kama.

Ga masu cewa sai sun ga lamba, irin karen da aka ce wa tuwo ya yi yawa a gidan biki ya ce ma gani a ƙasa: a ce yaron ya tsaya ƙafa 20 daga hagu. Yankin hagu 20 sau 100, wato 2,000, rabinsa 1,000. Yankin dama 30 sau 100, wato 3,000, rabinsa 1,500. A haɗa, 2,500. Ka ce ya matsa ya koma ƙafa 5 kacal daga hagu. Yankin hagu ya rame ya koma 500, rabinsa 250. Na dama ya yi ƙiba ya kai 4,500, rabinsa 2,250. A haɗa. Ina jira. Abin da hagu ta rasa dama ta cinye, kamar kishiyoyi a kan tukunya ɗaya. Wannan shi ne duk abin da ke cikin waƙar nan da aka sa ku rerawa da bulala, rabin gindi sau tsayi. Gindi sau tsayi shi ne murabba'in da alwatikar ke zaune a ciki, rabin kuwa kun ga inda ya fito.

Yanzu sai ɓangaren Allah-gafarta-malam, wanda ke zaune a gefe yana jan carbi yana kallona ta wutsiyar ido. Shi ba lissafin ne ya dame shi ba, asalinsa ne. "Wannan ai kayan boko ne, Nasara ya kawo."

Allah ya gafarta malam, lokacin da aka fara wannan lissafi babu birnin Landan ko a mafarki. A Masar akwai wani magatakarda mai suna Ahmes, ba Ahmad ba, kada ku yi saurin cewa ɗan'uwa ne, wanda ya kwafi wani littafin lissafi kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma shi da kansa ya ce daga wani tsohon littafi ya kwafo. Wani ɗan Sikotilan mai suna Rhind ya sayi takardar a Luksor a 1858, yanzu tana gidan tarihin Birtaniya. Matsala ta 51 a cikinta gona ce mai siffar alwatika. Da wani ma'auni mai kamu 100 suke awo: gindin gonar 4, ɗaya awon 10. Ahmes ya raba 4 biyu ya sami 2, ya ninka da 10 ya sami 20, kuma ya nuna cewa ya raba ne don ya mayar da gonar murabba'i. Abin da zai faranta muku rai, 'yan musu, shi ne har yau masana suna jayayya a kan ko 10 ɗin nan tsayin gonar ne ko tsawon gefenta. Kun ga sana'arku ma tana da tarihi.

Me ya kai Misirawa ga wannan wahala? Kogin Nilu. A wancan zamanin duk shekara sai ya cika ya shafe kan iyaka, ga kuma mai karɓar haraji yana jira. Herodotus, marubucin tarihin Girka, ya ce daga nan ilimin awon ƙasa ya samo asali. A kabarin wani jami'i mai suna Menna, kusa da Luksor, har yau akwai zanen mutane riƙe da igiya suna auna gonar hatsi. Wato awon igiya ba a bayan garin Kano aka fara shi ba, duk da na san Kanawa za su so su ce su ne.

Daga nan sai Uƙlidis, wanda ya zauna a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A kashi na farko na littafinsa, mas'ala ta 41, ya kafa hujja a kan daidai wannan magana da Alhaji ke girgiza wa kai. Littafin nan an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, kuma Turawan Yamma da suka fara karanta shi cikakke da Latin a ƙarni na 12, daga Larabcin suka juyo shi. A Bagadazan dai, wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara. Ya faɗa tun a gabatarwa cewa ya rubuta shi ne don abin da mutane ke bukata a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙa magudanan ruwa. Kusan rabin littafin ma a kan gado da wasiyya yake. A babin awo ya kawo wata alwatika mai gefe 13 da 14 da 15. Ya saukar da tsayi a kan gefen 14, ya sami 12, gindin ya rabu 5 da 9, girmanta 84. Murabba'in da ya kewaye ta 14 sau 12 ne, 168. Allah ya gafarta malam, rabin 168 nawa ne? Ka ga dai igiyar nan ta uku da na ja ɗazu, ba ni na ƙago ta ba.

Ko mutanen Sin ba a bar su a baya ba. Wani masaninsu, Liu Hui, a shekarar 263, da yake sharhin tsohon littafinsu na lissafi mai babi tara, ya bayyana gona mai tsini da cewa a yanko inda ya yi yawa a cike inda ya gaza, sai ta koma murabba'i. Almakashin Hajiya ke nan. Mutum ya rasa wa zai zarga: Fir'auna, Girkawa, Larabawa, Sinawa, duk bakinsu ɗaya. Ku kaɗai kuka rage.

Sai kuma Bakano. Ni Bazazzagi ne, don haka dole in taɓa shi, in ban taɓa shi ba sai ya ɗauka ba ni da lafiya. Shi bai musa ba, bai kuma yarda ba. Tambayarsa ɗaya ce, wadda ya gada kaka da kakanni: "To, nawa zan samu?"

Ana ba da labari cewa wani ɗalibi ya taɓa yi wa Uƙlidis irin wannan tambaya bayan darasin farko. Sai ya kira baransa ya ce a ba yaron 'yan kwabbai, tunda shi sai da riba yake karatu. Ban ce ɗalibin daga kasuwar Kurmi ya je ba, amma biri ya yi kama da mutum.

Ni ba zan ba ka kwabbai ba, zan hana a karɓe naka. Saurara. An nuna maka fili, titi ya yanke shi a karkace. Gefe ɗaya ƙafa 100, wanda ke fuskantarsa ƙafa 40. Faɗinsa a miƙe ƙafa 80, gefen da titi ya yanka kuma ƙafa 100. Mai awo ya ciro biro ya ce, ai abu mai sauƙi ne: 100 da 40, tsakaninsu 70, 80 da 100, tsakaninsu 90, 70 sau 90, 6,300. Kowa ya gyaɗa kai, an yi adalci, an ɗauki tsaka-tsaki, a shafa fatiha. To tsaya kafin ka shafa. Yanke filin gida biyu. Akwai murabba'i mai 80 da 40, wato 3,200. A kansa akwai alwatika mai gindi 80 da tsayi 60, rabin 4,800, wato 2,400. A haɗa, 5,600. An sayar maka da murabba'in ƙafa 700 na iska. Kai da ke ƙin barin naira goma a kan ƙwaryar goro, ka biya kuɗin falo da ɗaki biyu waɗanda ba su a doron ƙasa.

Wannan dabara ta tsaka-tsaki ma ba sabuwa ba ce. A bangon haikalin Edfu a Masar, kimanin shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, an sassaƙa jerin gonakin haikalin da irin wannan lissafi, har in gonar alwatika ce sai a ce gefe na huɗu babu. Abin lura a nan shi ne, hanyar ba ta taɓa rage fili. In filin cikakken murabba'i ne, ta faɗi daidai. In ya karkace ko yaya, sai ta ƙara. Kuskuren da kullum gefe ɗaya yake faɗuwa, ni dai ina yi masa kallon tsanaki, musamman in wanda ya yi shi ne mai sayarwa ko mai karɓar haraji.

Tushen ɓarnar kuwa ɗaya ne: an ɗauki gefen da ya kwanta a matsayin tsayi. Tsayi shi ne wanda ya miƙe cak daga tsini zuwa gindi, irin yadda igiyar magini mai nauyi a baki ke sauka. Tsani ya jingina da bango, tsawon tsanin daban, tsayin bangon daban. Kowa ya san haka a kan tsani. A kan fili ne kawai ake mantawa.

To, ɗan samarin nan mai waya a hannu, wanda tun ɗazu yake murmushin na-kama-ka, faɗi abin da ke bakinka. "Baba, in yaron ya wuce kusurwa fa? Ya bi layin iyakar ya shiga fulotin maƙwabci?"

Kai ne ka fi su iya tambaya, kuma kai za ka fi su jin haushin amsar. Muddin yana kan wannan layin na baya, bai matso ba bai ƙara nisa da titi ba, 2,500 ne. Ya shiga fulotin maƙwabci da ƙafa 30, 2,500. Ya wuce unguwar, alwatikar ta zama siririya kamar tsinken tsire, 2,500.

Na ji salati daga ko'ina. Ku yi haƙuri, ga lissafin. Yaron ya wuce kusurwar dama da ƙafa 30. Saukar da igiya daga ƙafarsa zuwa titi, a miƙe. Daga turken hagu zuwa inda ta sauka ƙafa 80 ne. Wannan babbar alwatika ce mai gindi 80 da tsayi 100, rabin 8,000, wato 4,000. Amma a cikinta akwai wani yanki da ba namu ba, wanda ke tsakanin turken dama da inda igiyar ta sauka: gindi 30, tsayi 100, wato 1,500. Cire shi. Me ya rage? Ɗazu tarawa muka yi, yanzu ɗebewa, amsar ba ta motsa ba.

In lissafin bai shiga ba, Bakano ya ara mana bandir ɗin kuɗi. Zai bayar, amma ba zai ɗauke ido ba. A ajiye shi a kan tebur a tsaye daidai, sannan a tura shi da yatsa ya kwanta gefe. Siffarsa ta sauya, ya yi kamar zai zube. Kuɗin sun ƙaru? Da suna ƙaruwa da haka, da ba wanda zai sake fita kasuwa. Alwatika ma ka ɗauke ta kamar tarin siraran layuka ne, na ƙasa ya fi tsawo, suna raguwa har zuwa tsini. Ka tura tsinin gefe, kowane layi yana nan da tsawonsa, gurbi kawai ya sauya. Wani Ba'italiye, Cavalieri, ya wallafa littafi guda a kan wannan tunani a 1635. Mayar wa Bakano da bandir ɗinsa, ya fara zufa.

Amma fa, don kada a ce Bazazzagi ba ya karɓar gaskiya, akwai inda Alhaji ya yi daidai, ko da shi kansa bai san inda yake ba. Abin da idonsa ya gani yana sauyawa, da gaske yana sauyawa, sai dai ba filin ba ne, igiyar ce. In yaron yana tsakiya, igiyoyin biyu sun haura ƙafa 206 da kaɗan. In ya koma kusurwa, sun kusa 212. In ya shiga gidan maƙwabta, sai a ƙaro igiya. Don haka mai sayar da bulo yana da ra'ayi a kan inda yaron zai tsaya, mai sayar da taki ba shi da shi.

Sannan, daidaiton awo daban, daidaiton daraja daban. A ce 'yan'uwa biyu sun gaji fulotin nan, wani kawu mai wayon tsiya ya raba musu da igiyoyina. Wan ya ɗauki alwatikar tsakiya, ƙanen ya ɗauki fuka-fukin biyu. A takarda kowa 2,500. A ƙasa kuwa wan ya kwashe bakin titi gaba ɗaya, inda za a yi shaguna, ƙanen ya tashi da tsini biyu da ba inda za a sa ƙofa, kuma in zai je daga wannan yanki zuwa wancan sai ya yi sallama. In ƙanen ya kai ƙara, ni ne shaidarsa. Lissafi ya ce filin ɗaya ne, bai ce kuɗin ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya fake da shi don ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, ba Uƙlidis ne ya aike shi ba.

A gona ne abin ke da daɗi. A ce gonar dogon murabba'i ce, akwai rijiya a ciki, ba a tsakiya ba, duk inda mahaƙa suka sami ruwa. Kowa yana son rijiyar. Ja igiya huɗu daga bakin rijiya zuwa kusurwa huɗu. An sami alwatika huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ba wa ɗaya ta gabas da ta yamma, ba ɗayan ta kudu da ta arewa. Sun yi daidai, kuma kowa yana isa rijiya ba tare da ya taka shukar wani ba. Gwada da awonmu: rijiya tana ƙafa 20 daga gaba, saboda haka tana ƙafa 80 daga baya. Ta gaba rabin 50 sau 20, wato 500. Ta baya rabin 50 sau 80, wato 2,000. Kun san jimlar, ba sai na sake faɗa ba, kun fara jin haushin lambar. Dalili shi ne gindinsu ɗaya, tsayinsu biyu kuma in aka haɗa tsawon gonar ne, ko ina rijiyar ta faɗa.

Saura 'yan makaranta, waɗanda suka yi shiru saboda su ba musu ne ya kawo su ba, WAEC ce ke tafe. Ku masu jarrabawa ba sa ba ku mai sauƙin nan. Sukan kwantar da alwatikar a karkace cikin murabba'i, tsini ɗaya a kusurwa, sauran biyun a jikin bango, babu gefenta ko ɗaya da ya kwanta a kan gefen murabba'in. Sai yaro ya ɗauki rabin awa yana neman tsayi, yana cizon biro. Kada ka nema. Yi irin ta mahauci: in kana son sanin tsoka, auna duka, ka cire ƙashi. A ce murabba'in 12 ne da 8, wato 96. Tsini ɗaya a kusurwar ƙasa ta hagu, na biyu a bangon dama, hawa 3 daga ƙasa, na uku a bangon sama, taku 4 daga hagu. Abin da ya rage a gefe alwatika uku ne masu sauƙi, kowace da kusurwarta a tsaye. Ta ƙasa rabin 12 sau 3, wato 18. Ta saman dama rabin 8 sau 5, wato 20. Ta hagu rabin 8 sau 4, wato 16. Ƙashi 54 ke nan. Cire daga 96, tsoka 42.

Kun lura 42 bai kai 48 ba? To riƙe wannan a aljihu: babu alwatikar da za ta shiga cikin murabba'i ta ci fiye da rabinsa, ko yaya aka juya ta. In ka gama lissafi ka ga amsarka ta haura rabi, kada ka miƙa takardar, koma ka nemo inda ka manta ka raba biyu. Wurin nan ne akasari ake faɗuwa, ba a wurin wuya ba.

Alhaji har yanzu bai ƙara cewa komai ba. Ya tura hula gaba, yana zane a ƙasa da tsinken sakace, ya ja layi ya goge, ya sake ja. Na ga ya kira yaron shago ya ce ya kawo masa kwalin sukari da reza. Ya yanka, ya juya, ya ɗora. Ya sake yanka wani, wannan karon ya kai tsinin can gefe don ya kunyata ni. Ya juya gutsattsarin biyu, ya jera su a kan ta tsakiya, sun rufe ta ruf.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya ce, "Kwalin ne bai da kyau."

Mai shayi, zuba masa mai kauri, ka sa ƙwai biyu. Shi zai biya.